Allurar Bayan da Yaya Ya Hana

Ranar da za a yanke wa mijin wata mata wani ɓangare na hanji, likitar da ke sa barci ta jawo kujera kusa da gadonsa. Ta ce akwai siririn bututu da ake sakawa a gadon baya, magani ya riƙa bi yana kashe zafin ciki, mutum ya samu yin tari da numfashi sosai bayan aiki.

Hankalin matar ya kwanta. Sai wan mijin, wanda ya rene shi tun rasuwar mahaifinsu, ya gyara tsayuwa.

"Likita, kar a taɓa masa baya. Wani direba da na sani haka aka yi masa, har yau a keke ake tura shi."

Likitar ta ce haɗari akwai, amma da wuya ya faru, kuma mai jikin ne zai zaɓa.

"Baban yara, kai fa za a yanka," in ji matar a hankali.

Ya kalli silin. "Yadda Yaya ya ce."

Aka yi masa allura a tsokar ciki a madadin waccan. Allurar ta riƙe shi yini guda, ta sake shi. Daga nan mutumin da ke sauke buhun siminti shi kaɗai ya koma tsoron tari. Ya rungume matashi a kan ɗinkin, gumi na zuba. Maganin da ake ɗura masa a jijiya sai amai da gyangyaɗi. Majina ta taru a ƙirji, zazzaɓi ya biyo baya, aka sa masa robar iska a hanci.

Tsohon da ke gadon gefe, mai bututu a baya, tuni yake takawa zuwa banɗaki yana tsokanar nas. Matar kuwa tana zubar da tasar aman mijinta.

Yaya yakan leƙo da yamma da ledar lemo, ya tsaya daga bakin ƙofa saboda wari.

"Namiji ne, zai daure. Ke dai ki rage kuka a kansa."

Mijin ya warke, amma ƙirjin bai koma daidai ba. Shagon simintin da yake wa aiki ya ɗauki wani. Da ta tayar da maganar a gida, ya ce, "Ki bar ta, don Allah. Yayana ne."

Ta bar ta. In Yaya ya zo, takan kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma kicin ta zauna har sai ya tafi.