Karfasar Baba

Babana, Malam Mika'ilu, mutum ne da idan ya so abu sai abin ya ji a jikinsa. Haka ya so mu 'ya'yansa, har na yi girma ban taɓa tsallaka titin Wunti ni kaɗai ba. Haka kuma ya so kifayen tafkin Tirwun.

Tela ne. Da idonsa ya gaji, zare ya daina shiga masa allura, sai ya bar wa ƙaninsa shagon muka koma Tirwun. Nan ya zauna a zaure, ba fita ba hira, abinci ma sai an yi ta fama. Mahaifiyata Yagana, wadda muke kira Iya, tana kallonsa tana share ido da bakin zane, wai hayaƙi ne.

Tafkin ba wani babba ba ne. Rami ne da aka bari bayan an gama ɗibar ƙasar gine-gine, ruwa ya samu wuri ya zauna, ko da rani ba ya ƙafewa. 'Yan unguwa suka haɗu suka zuba 'ya'yan karfasa a ciki don kowa ya riƙa samun na miya, aka nemi mai kula da shi. Aka ba Baba, kuma tun ranar ya warke. Da hantsi za ka gan shi da kwanon dusa a bakin ruwa, yana watsawa yana yi musu magana ƙasa-ƙasa.

Dokarsa ɗaya ce: duk kifin da bai kai tafin hannunsa ba, a mayar da shi ruwa ya ƙara girma. Hannun Baba kuwa kamar faifai yake. Mai fatsa zai wuni a rana, ya kamo, Baba ya aza a tafi, ya girgiza kai, tsulum a ruwa. Maƙwabcinmu Andrawus, tsohon direban motar asibiti, shi ya fi kowa shan wannan hukunci, don matarsa Cecilia ba ta haɗa kifi da komai ba.

"Malam, wannan kifi tun bara nake kama shi," in ji Andrawus wata rana. "Har ya san ni. In ya gan ni gaisuwa yake yi."

"Ka yi haƙuri, yaro ne," in ji Baba.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, yaran Baba ba su girma ba. Yawa dai kamar me, in ka watsa dusa ruwan har tafasa yake yi, amma duk 'yan firit, kai da ido kawai. Mutane suka fara gunaguni: ga sauro, ga ba kifi. Masu keke kuma suka ce su dama wurin ajiye ababen hawa suke nema. Mai unguwa ya kira Baba ya gaya masa cikin mutunci cewa ya roƙa masa arziki zuwa bayan damina mai zuwa. In aka buɗe kamun kifi ba a ga abin kirki ba, tifa za ta zo ta cike ramin.

Baba ya dawo ya zauna a zaure, a daidai inda yake zama da. Gabana ya faɗi, don na san wannan zaman.

Iya 'yar Baga ce, garin masunta, a cikin kwalekwale aka goya ta. Ta daɗe tana ganin abin da ke faruwa, ta yi shiru saboda ba ta son taɓa abin da ya tashe shi. Ranar dai ta ajiye masa tuwo, ta zauna a gefen tabarma.

"Malam, kifinka ba yara ba ne. Tsofaffi ne. Wasu ma sun yi jikoki."

"Wane irin zance ne wannan?"

"Karfasa haihuwa gare ta. Ka hana a ɗiba, sun cika ruwan, abinci bai isa ba, wuri bai isa ba. Ko shekara goma za ka ba su, haka za su tsaya. Sai an rage su, na baya su samu sarari."

"A rage su yaya?"

"A sa raga mai ƙananan ido a kwashe. Da yawa, Malam, ba kaɗan ba."

Baba ya ture kwanon. Ya ce shi amana aka ba shi ya raya, ba a ce ya yi kisa ba. Ya ce Iya ba ta da tausayi, ita da ke cire masa ƙaya daga kifin kasuwa kafin ta miƙa masa. Ni kam haushi ya cika ni, na buɗe baki zan yi magana, Iya ta harare ni na haɗiye.

Ba ta sake tayar da zancen ba. Washegari ta bi shi bakin tafki, abin da ba ta taɓa yi ba, ni ma na bi bayansu. Ta sa ƙwarya ta ɗebo karfasa guda, 'yar da ba ta wuce yatsu uku ba, ta buɗe mata baki a hankali, ta matso da ita kusa da idon Baba. Bakin cike yake da ƙwai, don karfasa a baki take renon 'ya'yanta.

"Ga yarinyarka," in ji Iya. "Uwa ce. Yunwa ta hana ta girma."

Baba ya daɗe yana kallo. Sai na ji ya ce, "Ashe ni na matse su." Muryarsa ta ba ni tausayi har na juya baya.

Shi da kansa ya ɗinka ragar, da laluben hannu, daga tsohon gidan sauro. Andrawus ya riƙe gefe ɗaya, mijina Abdulbaqi ya riƙe ɗayan, suka shiga ruwa har ƙugu suna ja. Baba yana tsaye a gaɓa da carbi, duk jan da aka yi sai ya ce, "Ya isa haka." Iya ta ce, "Bai isa ba, ku koma." Haka aka yi ta yi duk mako har ruwan ya daina tafasa. Iya da Cecilia suka soya, suka shanya, aka raba gida-gida, Tirwun ta yi ta ƙamshi. Baba ya ci gaba da zuwa da kwanon dusa, amma ya daina yi musu magana. Ya ce kunyarsu yake ji.

Bayan damina aka sa ranar buɗewa. Mai unguwa ya zo, masu keke ma sun zo, sun jingina da kekunansu suna jiran abin dariya. Aka jefa fatsa. Shiru, shiru, har na fara jin ƙarar tifa a kunnena. Can sai sandar Andrawus ta lanƙwashe, ya yi ihu yana kiran sunan Cecilia, ya fizgo karfasa mai faɗi, jikinta na sheƙi. Kafin a gama mamaki wani ma ya fizgo tasa a ɗaya gefen. Mai unguwa ya yi murmushi, ya ce wa masu keke su nemi wani filin.

Andrawus ya taho da kifin a hannu biyu, kifin yana ta fizge-fizge, ya tsaya gaban Baba kamar yadda ya saba. Baba ya shimfiɗa tafinsa, Andrawus ya aza karfasar a kai. Kan ya wuce yatsu, jelar ta sauka har wuyan hannu. Ya shafa bayanta da ɗan yatsa, a hankali.

"Malam, in ka ce a mayar, wallahi zan mayar," in ji Andrawus. "Cecilia za ta gane."

Baba ya girgiza kai, ya miƙa masa.

"Kai mata ta dafa. Amma don Allah ka buge kan da sauri, kada ta wahala."

Ya juya ya fuskanci ruwa don kada ya gani. Iya ta matsa kusa da shi ta karɓi kwanon dusar da ya zo da shi.