Hoton da Bai Wuce Hula Ba

Wasiƙa huɗu Dinah ta aika cikin wata huɗu, ko amsa ɗaya ba ta samu ba.

Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Dabai ce ta ɗora mata aikin, tunda ita ce ta dawo daga jami'a da sanin kwamfuta. Duk ƙarshen wata takan shiga Zuru, shagon intanet na Cletus, ta tsara labaran gida ta tura wa 'ya'yan garin hamsin da biyu da ke aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya da Darfur ta imel. A saman kowace wasiƙa akwai hoton da shugaban ƙungiyar, Saja Solomon mai ritaya, ya zaɓa da kansa: dattawa arba'in tsaye a gaban coci, an jera su bisa muƙami kamar ranar fareti, matansu kuma zaune kan tabarma can ƙasa.

"Ta wannan wata ce ta ƙarshe, 'yata," in ji Saja a taron Oktoba. "In ba amsa, mu koma aika takarda ta bariki yadda muka saba."

Dinah ba mai yawan magana ba ce. Ta sunkuyar da kai kawai, amma abin ya tsaya mata a rai, don wannan ne aiki na farko da ta gina da hannunta.

Washegari tana shiga shagon, Cletus ya tarbe ta da dariya. "Malama, kin zo da bataliyarki? Duk ranar da kika tura tsofaffin nan, kwamfutocina sai sun yi zazzaɓi!"

Maganar ta tsaya mata. Ita dai turawa take yi, ba ta taɓa buɗe wasiƙar kamar mai karɓa ba. Ta zauna ta buɗe. Hoton ya fara saukowa daga sama, layi-layi, kamar ana saƙa tabarma. Sararin sama. Gajimare. Rufin coci. Ta duba agogo: minti tara, sai yanzu huluna suka leƙo. Yayanta Abel, wanda shi ma soja ne, ya taɓa faɗa mata cewa minti goma ake ba kowane soja a kwamfutar sansani, sau ɗaya a mako. Ashe wata huɗu gajimaren Dabai take aika musu! Labaran ma suna ƙarƙashin hoton, ba mai isa wurin.

Ta san baki ba zai shawo kan Saja ba. Ranar kasuwa ta tare shi, ta roƙe shi ya zauna a shagon Cletus minti goma kacal.

Ya zauna, ya jingine sandarsa, ya zuba wa allon ido.

"Wannan sama ce."

"I, Baba."

Can ya gyara zama. "Wannan hulata ce. Ina fuskata?"

"Tana hanya, Baba."

"Oga Saja, lokacinka ya ƙare," in ji Cletus. "Na bayanka na jira."

Dattijon ya miƙe. Sannan ya ɗauki sandarsa. "Shekara ashirin da biyu na yi a soja, ban taɓa makara fareti ba sai yau. Yi yadda kika gani."

Ta ari kyamarar Cletus, ta kwana uku tana bin gidaje. Ba ta jera kowa ba. Ta ɗauki Mama Margaret tana sussukar dawa, ta matsa kusa har ana ganin wushiryarta. Ta ɗauki jaririyar Kofur Philip, wadda uban bai taɓa gani ba. Ta ɗauki sabon rumbun gidan su Ezekiel, ɗaya daga cikin sojojin. Ta yanke sama da bango daga kowane hoto, ta rage masa nauyi har ya zama yana buɗewa kafin mutum ya gama gyara kujera. Labari ta sa a farko, da manyan haruffa, hotuna shida ƙanana a gefe, kowanne da suna a ƙasa, ko da hoton ya ƙi fitowa a san wane ne. Saja ma ya samu wurinsa, na biyar, yana riƙe da akuya.

Ta tura ranar Litinin. Ranar Juma'a ko zama ba ta yi ba Cletus ya ɗaga murya. "Malama, akwatinki ya cika! Kawo takarda, injina zai sha wuya yau."

Amsa talatin da takwas.

A taron Lahadi, Dinah, wadda ba a cika jin muryarta ba, ta miƙe a gaban jama'a da damin takardu. Ta fara da ta Kofur Philip: ya ce ya kira dukan 'yan tantinsu sun ga 'yarsa, kuma kunnuwan nasa ne, kada kowa ya yi gardama. Wuri ya kaure da dariya. Ɗan Mama Margaret ya ce Mama ta rame, a daina barinta tana sussuka ita kaɗai.

"Ƙarya yake!" in ji tsohuwar, tana share ido da bakin zane. "Sake karanta mini."

Dinah ta sake. Mata suka rangaɗa guɗa, har na waje suka leƙo ta taga.

Saja Solomon ya buga sanda a ƙasa sau uku kafin aka yi shiru.

"Wasiƙa ta zauna," ya ce. "Duk wata, kuma yadda Dinah ta tsara. Wanda ke son a ɗauke shi, ya same ta bayan taro."

Kafin ya rufe baki layi ya kai bakin ƙofa. Dinah ta ciro biro ta fara rubuta sunaye.