Warin Silifas a Teburin Narelle

A sashen tsaron kwamfuta na jami'ar nan da ke tsakiyar Adelaide akwai wata doka da ba a rubuta a ko'ina ba, amma ta fi duk waɗanda aka rubuta ƙarfi. Duk wanda ya tashi ya bar kwamfutarsa a buɗe, ko da ruwa zai je ya sha, wanda ya fara gani sai ya zauna ya aika wa kowa saƙo da sunansa: "Gobe ni zan kawo lamintin." Kuma dole ya kawo wannan kek ɗin mai kwakwa a jiki, kwali guda, na gidan burodin kirki, ba na babban kanti ba wanda kwakwar jikinsa ta bushe. Bayan haka sai a rataya masa wani tsohon warin silifas ruwan hoda a jikin teburinsa, ya zauna nan har sai an kama wani.

Narelle Tibbits ta fara digirinta na biyu a sashen a ƙarshen Fabrairu, lokacin da zafi ke narkar da kwalta, kuma tun ranar farko silifas ɗin ya san hanyar teburinta. Wata yarinya ce ta yanke da fasasshen kofi a ɗan kicin ɗin ɗalibai, ta yi 'yar ƙara. Kafin kowa ya juya Narelle ta isa wurin ta matse yatsan. Da ta dawo ta tarar ɗakin ya cika da dariya, wani saurayi mai suna Jarrah, dogo mai gashi har kafaɗa, yana zaune a kujerarta.

"Sannu da zuwa, Nas," ya ce. "Yanzu kika yi wa mutum talatin alkawarin kek. Gaskiya kina da kyauta."

Ta yi dariya tare da su, ta kawo kek washegari. Aka sake kama ta, ta sake kawowa. A karo na uku ba ta yi dariya ba, don ta ji har an sa mata suna Uwar Kek.

Ba laifin ƙwaƙwalwarta ba ne. Narelle ta haura hamsin, kuma fiye da rabin rayuwarta ta yi shi tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a yankin gonakin lemo na Riverland. A can idan ƙararrawa ta buga, ƙafa ce ke fara amsawa, tunani ya biyo baya. Hali kuwa zanen dutse ne. Abin da ya kawo ta jami'ar ma daga asibitin ya fito: wata safiya masu kutse suka kulle duk kwamfutocinsu, aka rasa wa ke shan wane magani, aka ɗage aikin tiyatar wani tsohon manomi, sai da aka ɗauke shi zuwa birni tana riƙe da hannunsa a cikin mota. Mutumin ya rayu, amma ita ba ta huce ba. Ta sha alwashin sai ta koyi ta inda ɓarayin nan ke shiga. Ga shi yanzu ita ce mai barin ƙofa a buɗe, a gaban yaran da ta isa ta haife su. Abin yana ci mata rai ba kaɗan ba.

Ranar Lahadi da yamma mijinta Col yana juya tsiran nama a kan wuta a bayan gida, ta gaya masa abin da ta yanke. Juma'a mai zuwa ce ranar ƙarshe da ɗalibi zai iya janyewa ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba.

"In har silifas ɗin nan ya kai Juma'a a teburina, na haƙura."

"Saboda takalmi?" Col ya ce. "Matar da ta taɓa tare wani mashayi da ƙarfen rataya ƙarin ruwa, ita ce warin silifas zai kora?"

"Ba takalmin ba ne, Col. Wa zai ba ni tsaron asibiti, ni da ba na iya tsare teburina?"

"To ki kama wani mana."

"Yaran nan da kwamfuta aka haife su. Ko atishawa za su yi sai sun kulle."

Col ya miƙo mata tsire a cikin burodi da albasa. Ya san ta: in ta faɗi abu, ta faɗa.

Abin da zai fi yi mata ciwon rabuwa shi ne darasin Dakta Merrin Vassallo, shugabar shirin. 'Yar gajeriyar mace ce mai furfura da aka yanke gajere, a kan keke take zuwa aiki, kowa kuma Merrin yake kiranta. Kafin ta shigo jami'a ta daɗe tana cikin masu kare kwamfutocin da ke tura wa gari ruwan sha, aikin da in an yi shi daidai ba wanda zai taɓa jin sunanka. Ba ta ɗaga murya. Idan aka tambaye ta abin da ba ta sani ba sai ta ce, "Ban sani ba, matso mu duba," ta ja kujera ta zauna kusa da ɗalibin kamar ita ma yau ta fara. Narelle ta yi aiki da manyan likitoci iri-iri, amma ba ta taɓa ganin mai ilimi da ke ɗauke da iliminsa cikin sauƙi haka ba.

Kuma tun da aka ƙirƙiro dokar ba a taɓa kama Merrin ba. Ɗalibai sun gwada kiranta a waya, sun gwada suman ƙarya a bakin ƙofarta, duk a banza. Hannunta na hagu kan danna maɓallan nan biyu na kulle kwamfuta tun kafin jikinta ya bar kujera. Jarrah kan ce duk wanda ya kama Merrin, ko bai gama karatu ba a ba shi takardarsa ya tafi.

Litinin ta wuce, Talata da Laraba suka bi ta, ba a kama kowa ba. Ranar Alhamis bayan azahar Narelle ta kulle kwamfutarta, ta duba sau biyu, ta nufi ofishin Merrin don ta gaya mata baki da baki cewa za ta janye. Ba ta so matar ta ji labarin daga ofishin rajista. Jarrah ya biyo ta da wata tambaya da shi ma zai yi a kan aikin gida.

A kan matakala suka yi kiciɓis da Merrin tana saukowa a guje, waya a kunne, hular keke a hannu. Ko ganinsu ba ta yi ba. Narelle ta kalli fuskar sau ɗaya, ta gane ta. Ta sha ganin irinta a barandar asibiti, a fuskar 'ya'yan da aka kira aka ce su zo yanzu.

Ƙofar ofishin tana buɗe, kujera ta ja da baya, shayi yana tururi. Allon kwamfutar kuwa yana haske fes.

Jarrah ya kama ƙofa kamar zai faɗi. "Nas," ya ce a hankali, "kin ga abin da nake gani? Tsuntsu daga sama gasasshe. Ke kika fara shiga, naki ne. Zauna ki rubuta."

Ta tsaya a gaban teburin. Layi ɗaya kawai za ta rubuta silifas ya bar ta, sunan Uwar Kek ya mutu, ta zama wadda ta yi abin da ya gagari kowa. Ta so abin ƙwarai, har yatsunta suna ƙaiƙayi. Akwai wani saƙo a buɗe a kan allon, ta kau da idonta ba ta karanta ba.

"Yi sauri mana kafin ta kulle kanta."

"Ba ka ga fuskarta ba ne?"

"Doka doka ce. Ke da kika tashi don yatsan wata, an ɗaga miki ƙafa?"

"Ba a ɗaga ba," ta ce.

Ta miƙa hannun hagu ta danna maɓallan biyu, waɗannan dai da ta kasa tunawa don kanta. Allon ya yi duhu. Ta jawo ƙofar ta rufe, Jarrah yana biye da ita yana mita har ƙasa, wai a tarihin sashen ba a taɓa yin asara irin wannan ba.

Da safiyar Juma'a silifas yana nan inda yake. Narelle ta zauna ta buɗe shafin janyewa daga karatu, tana jiran a gama darasin safe ta yi sallama. Sai ga Merrin ta shigo da idanu ja, da babban kwali a hannu, ta ajiye a teburin tsakiya.

"Jiya mahaifina ya faɗi a gidan kula da tsofaffi," ta ce. "Ƙugu ya karye, amma da safen nan har ya fara yi wa ma'aikatan jinya faɗa a kan shayi, don haka da sauƙi. Na fita na bar kwamfutata a buɗe. Ga lamintin ɗinku."

"Ai ba a aika saƙo ba, Merrin," wata ta ce.

"Kwamfuta ba ta rufa wa kowa asiri. Ta nuna mini da hannu aka kulle ta bayan na fita, kuma ba a taɓa komai a ciki ba. Sauran labarin kuwa, ai kun san bakin Jarrah." Ta tako har teburin Narelle, ta cire warin silifas ɗin, ta juya shi a hannu. "An kama ni, don haka nawa ne. Narelle, danna maɓalli biyu ko aku zan iya koya masa. Amma a aikin nan kullum za ki tsinci kanki a cikin ɗakin mutane alhali ba sa nan, kuma abin da mutum ke yi a lokacin ban taɓa iya koya wa kowa ba. An ce jiya nemana kika zo yi?"

Narelle ta ji idonta ya ciko. "Ba komai ba ne," ta ce. "Ya wuce."

"To taso ki fara ɗauka, kafin waɗannan su cinye."

Ta tashi, aka buɗa mata hanya, ta ɗauki guda. Sai da ta kai shi baki, kwakwa tana zuba a rigarta, sannan ta tuna ba ta kulle kwamfutarta ba. Ta juya. Jarrah yana tsaye a kan kwamfutarta, shafin janyewar nan a buɗe a gabansa. Ya dube shi, ya dube ta. Sai ya rufe shafin, ya danna maɓallan biyu.

"Yau kaɗai ne fa, Nas," ya ce. "Ranar Litinin ba sani ba sabo."

Ta share kwakwar da ke bakinta da bayan hannu.

"Sai Litinin ɗin," ta ce.