Kiran da Baba Girish Ya Jinkirta

Yusha'u yana haska fitila a ƙarƙashin injin casar shinkafa, Baba Girish yana ɗaure noti, sai wayar tsohon ta yi ƙara a aljihu. Bai ɗauka ba. Ta sake yi, har Alhaji Barau mai injin ya ce, "Baba, ka duba mana. Aikin ba zai gudu ba."

Baba Girish Ba'indiye ne, amma tun yana saurayi ya zo Kano, Hausa ta zauna a bakinsa. Duk injin casa ko na matsar gyaɗa da ya tsaya tsakanin Ƙaraye da Rogo, shi ake kira. Yusha'u ne direbansa, shi ne kuma mai miƙa masa sifana.

Tsohon ya goge hannu, ya fita bayan tsibin ƙaiƙayi. Daga inda yake, Yusha'u ya jiyo muryar mace tana kuka a wayar, tana katsewa tana dawowa. Can Baba Girish ya dawo, ya sake kwanciya ƙarƙashin injin.

"Lafiya dai, Baba?"

"Matata ce daga Indiya. Nalini tana asibiti, jikin ya yi tsanani. Wai tana son jin muryata." Ya miƙo hannu. "Ba ni ƙaramin sifanan nan."

Yusha'u ya san labarin Nalini, domin uwarta ta taɓa ba shi, lokacin tana zaune a Kano. 'Yarsu ce tilo mace. Da ta kawo wanda take so, uban ya kai ranar haihuwarta da ta saurayin wurin masanin taurari, kamar yadda suke yi kafin aure. Masanin ya ce taurarinsu ba su dace ba, in aka ɗaura auren ba za ta yi tsawon rai ba. Nalini ta auri abinta. Tun daga ranar uban bai ƙara yi mata magana ba, ga shi shekaru sun tura.

"Baba, bari in kai ka inda ake samun sabis sosai."

"In mun gama."

Ba su gama ba sai bayan azahar. Injin ya tashi, Alhaji Barau ya yi ta godiya, ya sa aka loda musu rake a bayan mota.

A hanyar Ƙaraye tsohon ya ciro carbinsa na ƙwallayen 'ya'yan itace yana ja, leɓensa na motsi. Kullum haka yake. Ba ya cin nama, ba ya shan giya, bai taɓa ƙara wa mai inji kuɗin gyara ba. Ya sha gaya wa Yusha'u cewa a addininsu rai yana ta komowa duniya, jiki bayan jiki, har sai ya kuɓuta, kuma shi wannan kuɓutar yake nema. Yusha'u bai yarda da zancen ba, amma bai taɓa yi masa musu ba, kamar yadda tsohon kan tsayar da aiki in lokacin sallar Yusha'u ya yi.

"Maƙiya shida ne a cikin mutum," in ji Baba Girish, idonsa a kan gonakin dawa. "Sha'awa, fushi, kwaɗayi, ruɗuwa da abin da kake so, girman kai, da hassada. Su ke ɗaure rai. Ruɗuwar nan ta fi wuya, Yusha'u. Son 'ya'ya yana cikinta. Na daɗe ina koyon sakin yarinyar nan daga zuciyata."

"Sakinta ka yi, Baba, ko fushi kake da ita?"

"Ba fushi nake ba. An faɗa mata abin da ke rubuce, ta ƙi ji."

Suka hau wani tudu inda waya kan kama sosai. Yusha'u ya gangara gefen titi, ya kashe mota. Shi ma ya taɓa rasa 'ya, Kausar, zazzaɓi ya ɗauke ta yana kan hanyar Legas da lodin gyaɗa. Ya iso an riga an binne ta.

"Me ya faru da motar?"

"Lafiyarta ƙalau." Ya zare makullin ya sa a aljihu. "Ka yi haƙuri, Baba. Ko za ka kore ni, ba zan tashe ta ba sai ka kira."

Tsohon ya zuba masa ido, fuskarsa ta yi ja. Wata a-kori-kura ta wuce su shaƙe da tumaki. Sannan ya ajiye carbin a cinya, ya ɗauko wayar, ya daɗe yana neman lambar da matarsa ta turo.

Namiji ne ya ɗauka. Maganar ba ta yi tsawo ba. Baba Girish ya sauke wayar a hankali, ya kife ta a kan gwiwarsa.

"Mijinta ne," ya ce. "Ta rasu. Lokacin muna gwada injin."

Yusha'u ya yi salati a ransa. Ya buɗe baki zai yi addu'ar da ya saba yi wa mamaci, sai ya tsaya, bai san ko ta dace a nan ba. Ya ce, "Sannu, Baba. Allah ya ba ka haƙuri."

"Kai ni bakin ruwa."

Ya kai shi bakin dam ɗin Challawa. Tsohon ya tuɓe takalmi, ya shiga har gwiwa da wandonsa mai maiƙon inji. Ya ɗebi ruwa a tafin hannu biyu, yana sakinsa a hankali, yana kiran sunanta, kamar yadda suke yi wa mamaci. Wasu masunta da ke gyaran taru suka dube shi, suka kawar da kai. Yusha'u ya yi alwala a gefe, ya shimfiɗa tabarmar mota ya yi la'asar. Da ya sallame ya tarar da tsohon zaune a kan dutse, ƙafafunsa duk laka.

"Masanin ya faɗi gaskiya," in ji Baba Girish, muryarsa a dushe. "Ya ce kwananta kaɗan ne, ni kuma na yarda da shi fiye da kowa. Na san kaɗan ne, Yusha'u. Kuma duk na bar su suka wuce ban ce mata komai ba."

Yusha'u ya matso. Ya zauna kusa da shi.

Bayan wani lokaci tsohon ya ciro wayar, amma yatsunsa a jiƙe suke. Ya miƙa wa Yusha'u.

"Sake kira mini mutumin nan. Na ji kukan yaro a bayansa. Ban ma san sunan yaron ba."

Yusha'u ya goge gilashin wayar da bakin rigarsa, ya latsa lambar, ya riƙe masa ita a kunne.