Cinyar Kazar Febi

Febi likita ce mai koyon tiyata a wani asibiti a Keffi, amma har yanzu ba a bar ta ta taɓa jijiyar mutum ba. Malaminsu, Dokta Nnamdi, ya ce sai ta ɗinke jijiyar cinyar kaza tukuna, da zaren da ya fi gashi siranta, ya ɗura ruwa mai launi ya ga ba ta yoyo. Wuni guda ta yi tana leƙen madubin likita kafin ta gama. Ta kawo cinyar gida a unguwar Gangaren Tudu ta sa a firji, don sai gobe zai duba.

Da safe ta buɗe firji, wayam!

"Mama, ina cinyar da na ajiye?"

"Tana cikin miya," in ji mahaifiyarta. "An ɗauke wuta tun jiya, sai in bar nama ya lalace?"

"Jarrabawata ce fa, Mama!"

"Kazar? Ita da aka yanka, ɗinkin me za ki yi mata? Tashi za ta yi?"

Febi ta buɗe tukunyar miyar. Ta tsamo cinyar, ta sa a kula, ta kai asibiti.

Dokta Nnamdi ya dubi naman, ya dube ta, ya shinshina.

"Da daddawa?"

"E, yallaɓai."

"Dafaffiyar jijiya ba ta gwaduwa. Je ki sayo ɗanya, ki ɗinka a gabana. Kular kuma bar ta nan."

Ta nufi kasuwa, ba ta san ko faɗuwa ta yi ba.