Wake Fari, Wake Ja

"Sa hannu ki ɗauko, Ladidi, ba kunama a ciki," in ji Bara'atu.

"Anti likita, in na ɗauko ja fa?"

"Sai mu ga abin da kwanon uba zai ba ki."

Bara'atu ce riƙe da kwanon uwa, Mahadi da na uba. Ɗaliban likitanci ne, da safe suka taso daga Gusau zuwa makarantar 'yan mata a Bungudu don koyar da yadda ake gadon sikila. Kowane kwano rabi farin wake, rabi ja. Ja daga nan, ja daga can, jariri ya zo da ciwon ke nan.

Ladidi ta rufe ido ta ɗauko. Ja da fari. Aji ya kaure da tafi kamar an yi haihuwar gaske, wata daga baya har da guɗa.

"Shi ya sa ake gwaji tun kafin zuciya ta yi nisa," in ji Bara'atu. Ita ta san nata, AS ce, wato ja da fari. Mahadi kuwa, da ke shirin turo magabatansa gidan su Bara'atu bayan Sallah, wata uku yana zille wa gwajin. Yau jarrabawa, gobe layi ya yi tsawo. Ba allura yake tsoro ba, tsoron rasa ta yake, kuma ta sani.

Asiya, shugabar aji, ta ɗaga hannu. "Malam likita, kai mi ne naka?"

Mahadi ya yi tari. "Ai darasin naku ne."

"Bai yi ba!" Asiya ta juya ga ajin. "Wallahi bai yi ba! Ku dubi gumi!"

"Likita na tsoron allura!"

Dariya har da buga benci. Malamar ajin, Malama Sadiya, ta ɗaga bulala, amma ita ma dariyar ta ci ƙarfinta.

Mahadi ya dubi waken hannunsa, ya ɗago ya dubi Bara'atu. Ba ta yi dariya ba. Kallonsa kawai take, ido cike da roƙo da wani abu mai taushi da ya fi roƙon nauyi.

Ya ajiye kwanon a tebur.

"To, ku zama shaida, ku arba'in da biyu. Muna komawa Gusau, kafin in ci abinci, asibiti na nufa. Bara'atu, ke za ki raka ni."