Halwar Namadi

Namadi na Jabo bai taɓa cin nama ba tun yana goye. Ba tsoron Allah ne ya hana shi ba, hancinsa ne kawai ba ya shiri da ƙarni. Ko ran layya sai ya yanka ragonsa ya koma gefe da tuwo da miyar kuka.

Shekarar da aka samu mulkin kai, Malam Ɗangiwa ya tara manyan ɗalibansa, har da Namadi, ya ce za su shiga halwa wata guda, ba mai taɓa nama. Nan fa gari ya samu abin dariya. Bube mahauci yana wasa wuƙa yana cewa, "Halwar Namadi kyauta ta. Mi ya bari? Abin da bai ci?"

Maganar ta iso wa Hinde matar Namadi a bakin rijiya, kuma ta ci mata rai ƙwarai. Hinde mai fura ce, ba a taɓa mata miji ta kwana da abin. Ta ajiye guga, ta tafi ta tsaya bayan zauren malam, ɗalibai cike, ta ɗaga murya.

"Allah shi gafarta Malam, maigidana ya bar nono da man shanu har wata shi mutu."

Ba ta ko tambayi mijin ba. Ga shi duk Jabo an san Namadi da furar azahar ya dogara, da ita ya girma. Yana cikin zauren ya ji.

Kafin wata ya raba, mutum ya zabge, wuyan riga ya yi masa yawa. Bube ya daina dariya. Hinde kuwa tausayi ya hana ta sukuni, don ta san bakinta ne ya jawo. Wata azahar ta dama fura da kindirmo, ta rufe da faifai, ta kai wa Namadi ɗakin halwa.

"Malam, sha. Ni na faɗi, ba kai ba. Babu mai gani."

Namadi ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya tura ta da yatsa biyu.

"Gaban mutane kika tsaya mini, Hinde. Ba ni maishe ki maƙaryaciya."

Ta ɗauki ƙwaryar ta fito tana share ido, amma kanta a sama, tana tafiya kamar an naɗa mijinta sarauta.